Mutanen Sahun Baya: Makaɗan Banjo da Piyano a Jaz na Gargajiya



A cikin shekarar 1960, watau shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, shahararren mabushin ƙahon nan na Amurka, Louis Armstrong, ya kawo ziyara ƙasar nan tare da makaɗansa. Duk wanda ya taɓa jin wani abu game da kiɗan jaz ya san sunansa. Amma da zan tambayi zauren nan ko wane ne ya zauna a gaban piyano a wannan tafiya, ina jin shiru za a yi. Sunansa Billy Kyle, kuma yana tare da Armstrong tun daga 1953 har mutuwarsa a 1966. Wannan mantuwa ba baƙuwarmu ba ce. Mu nan kowa ya san Alhaji Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan makaɗin kalangunsa ko guda? To, a kan irin waɗannan mutane zan yi magana yau, watau makaɗan banjo da na piyano na birnin Niyu Olins, a bakin kogin Misisifi, inda aka haifi jaz. Abin da nake so in nuna shi ne, su ne ke riƙe da kiɗan sa'ad da ake yin sa, kuma da kiɗan ya tasam ma mutuwa a garinsu, suna cikin waɗanda suka riƙe shi bai faɗi ba.

Bari mu fara da yadda ƙungiyar take tsayawa. A sahun gaba akwai mabusa uku. Mai ƙaho shi ke jan waƙa. Mai kilarinet, wata doguwar sarewa ce baƙa, yana zagaya muryar ƙahon ta sama yana yi mata ado. Mai turombon, ƙahon nan da ake ja ana turawa, yana cike gurbi ta ƙasa. Abin mamaki shi ne dukansu uku a lokaci ɗaya suke busa, kuma kowa yana ƙaga nasa nan take, ba daga takarda ba. Mutum uku suna magana tare, me zai hana abin ya zama hayaniyar kasuwa? Sahun baya ne. Can ake samun mai ganga, da mai babban goge na tsaye ko babban ƙaho mai kauri, sa'an nan mai banjo da mai piyano. Kiɗan yana tafiya ne bisa taku huɗu-huɗu. Mai banjo yana kaɗa duka huɗun daidai wa daida, ba gaggawa ba nawa. Mai piyano kuwa hannunsa na hagu yana buga sauti mai kauri a taku na ɗaya da na uku, sa'an nan a na biyu da na huɗu ya danna sautuka uku ko huɗu a haɗe, abin da zan kira dunƙulen sauti. Waɗannan dunƙule-dunƙule suna sauyawa bisa tsari sananne, a irin waƙar da ake kira bulus tsarin yakan zagayo bayan gaɓa 12, a wasu waƙoƙi bayan 16 ko 32. Da su ne mabushi yake gane inda aka kai a cikin waƙa. In mai banjo ya sauya dunƙule a inda bai kamata ba, mabusa uku ne za su ɓata hanya gaba ɗaya, kuma 'yan kallo mai ƙaho za su zarga. In kuwa ya yi daidai har gari ya waye, mai ƙaho za a tafa wa.

Yanzu sai banjo kansa, domin na san akwai masu ganin hotonsa a hannun Turawan ƙauyen Amurka masu malafa, su ɗauka nasu ne tun asali. Ba haka ba ne. Bayi baƙar fata ne suka fara ƙera shi a tsibiran Karibiyan. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya gan shi a Jamaika wajen 1688, ya kuma buga zanensa cikin littafinsa a 1707: duma ne aka yanke, aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya. Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. A 1819 wani mai tsara gine-gine, Benjamin Latrobe, ya ratsa filin da ake kira Dandalin Kongo a Niyu Olins ran Lahadi, ya tarar da bayi suna rawa, ya zana wani abin kiɗa na duma mai tsirkiya da ya gani a hannun wani tsoho. Bahaushe in ya ga waɗannan zane-zane ba sai an yi masa bayani ba, gurmi da garaya da molo ne za su faɗo masa a rai. Masu bincike sun fi nuna akontin na kabilar Jola ta Senegal da Gambiya, saboda yadda ake kaɗa shi da bayan farce da babban yatsa ya yi daidai da tsohon salon kaɗa banjo. Ni dai ba zan tsaya nan in ce daga Kano ko Katsina banjo ya tashi ba, abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne dangi ne, gida ɗaya suka fito.

Amma fa kada mu yi saurin murna, gama hanyar da banjo ya bi ya shiga jaz ba ta gado ba ce. Tun daga shekarun 1830 wasu Turawa 'yan wasa suka riƙa shafa baƙin toka a fuska, suna riƙe da banjo, suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Wannan wasa na wulakanci ya cika Amurka shekara da shekaru. Masana'antu suka karɓi banjo, suka jefar da duma, suka sa masa kewayen katako da ƙarfe, daga baya har tsirkiyar ta zama ta waya. Baƙar fata da yawa suka juya masa baya, don ya zama alamar abin da ake yi musu dariya da shi. Shi ya sa in kuka dubi hoto guda ɗaya tak da ya rage na ƙungiyar Buddy Bolden, mutumin da ake cewa shi ne sarkin ƙaho na farko a Niyu Olins, jita za ku gani da babban goge, babu banjo, babu piyano. Sai wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko banjo ya kori jita, kuma dalilin bai wuce ƙara ba. Zaurukan rawa sun ƙara girma, lasifika ba ta zo ba tukuna, jita kuwa in ƙaho uku suka tashi ba a jin ta. Banjo mai tsirkiya huɗu, da fatarsa a ɗaure tamau kamar ta ganga, yana ratsa kowace hayaniya. Haka nan wajen ɗaukar faifan garmaho: kafin 1925 makaɗa suna taruwa ne gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu shi ke motsa allurar da ke zana faifai. Babban goge ba ya fitowa, babbar ganga kuwa ana tsoron ta sa allura ta yi tsalle. Banjo ne ke fita tar. Watau jikokin waɗanda suka ƙago shi sun sake ɗaukarsa ne daga kanti, don bukatar sana'a.

Piyano kuma nasa labarin dabam ne. Ba a yawo da shi, saboda haka ba shi da wuri a badujalar da ke raka gawa maƙabarta ko ta bi titi ran biki, wadda ita ce makarantar yawancin mabusan garin. Gidansa na farko a wannan kiɗa, sai ku gafarce ni, unguwar Storyville ce, inda hukumar gari ta keɓe wa gidajen karuwai daga 1897 zuwa 1917. Manyan gidajen can kowanne yana da mai piyano shi kaɗai a falo, kuma laƙabin da ake kiransa da shi shi ne “farfesa”. Ina roƙon malamaina da ke kujerun gaba kada su riƙe ni, tarihi ne ya faɗa. Daga cikin farfesoshin nan akwai Tony Jackson, da Jelly Roll Morton, wanda ya riƙa bugun ƙirji yana cewa shi ya ƙago jaz. Bai ƙago shi ba, amma yana cikin na farko da suka nuna ana iya tsara shi a rubuce ba tare da an kashe shi ba, kuma hirar da Alan Lomax ya ɗauka da shi a 1938 a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka tana cikin manyan madogaran tarihin kiɗan.

Sai dai akwai wata ƙofa ta biyu da piyano ya shigo ta cikinta, ita ce ta falon gida da coci. Iyaye ba sa barin 'ya mace ta busa ƙaho a titi, amma koyon piyano alamar tarbiyya ce. Da haka kujerar piyano ta zama kusan ita kaɗai ce mace ke iya samu a ƙungiyar maza, kuma sau da yawa ita ce kaɗai mai iya karanta rubutun kiɗa a cikinsu.

Ku ɗauki Lil Hardin. An haife ta a Memfis a 1898, ta yi karatu a Jami'ar Fisk, ta koma Shikago a 1918, ta sami aiki a wani kantin sayar da takardun kiɗa, tana buga wa masu saye su ji, a kan dala 3 a mako. Ta ba da labari da bakinta cewa ran da ta je gwaji wurin wasu makaɗan Niyu Olins da ke Shikago, ta nemi takarda aka ce babu, ta tambayi a wane mataki na sauti za a yi waƙar, aka ce mata in ta ji an buga ƙafa sau biyu ta fara kawai. Ta fara, ta bi su da kunne, aka ɗauke ta. Daga baya ta shiga ƙungiyar King Oliver, wadda ta fara ɗaukar faifai a watan Afrilu na 1923. Ta ce duk sa'ad da hannunta ya yi ƙaiƙayi ta ɗan yi gudu a kan piyano, sai Oliver ya waiwayo ya tuna mata cewa suna da mai kilarinet. Ma'ana, aikinki ki riƙe ƙasa, ado na wani ne. A wannan ƙungiya ta sadu da wani saurayi mai busa ƙaho na biyu, mai kunya, wanda ba ya son ya rabu da maigidansa. Ta aure shi a 1924, ta matsa masa ya fita daga inuwar Oliver ya tsaya da ƙafarsa. Saurayin nan shi ne Louis Armstrong. Auren bai ɗore ba, amma da ya mutu a watan Yuli na 1971, aka shirya wasan tunawa da shi a Shikago cikin watan Agusta, tana zaune a gaban piyano tana kiɗa ta yanke jiki ta faɗi, ba ta tashi ba.

Abokin zamanta a sahun baya shi ne Johnny St. Cyr, haifaffen Niyu Olins a 1890. Sana'arsa ta asali yaɓen filasta ce. Ya yi kiɗa a jiragen ruwan shaƙatawa na Misisifi tare da Fate Marable, wanda shi ma mai piyano ne, kuma ya shahara da tilasta wa yaransa koyon karatun kiɗa. Banjon St. Cyr mai tsirkiya shida ne, an ɗaure shi kamar jita, saboda haka yana iya ba da sauti mai kauri tare da taku. Wannan ya yi rana, gama ƙungiyar mutum biyar da Armstrong ya kafa don ɗaukar faifai a 1925, mai suna Hot Five, ba ta da ganga, ba ta da babban goge. Mabusa uku ne, sai Lil da St. Cyr. Faya-fayan da masana suke cewa su suka sauya alƙiblar jaz, a kan hannuwan mutum biyun nan kaɗai suke tsaye. A 1926 kuma St. Cyr ɗin ne a bayan Jelly Roll Morton. To, ina ya ƙare? Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, ya koma gida ya ɗauki cokalin gininsa, ya yi shekaru yana shafe bangon mutane, kiɗa sai in an samu. Sai da ya tsufa ya koma Kalifoniya, inda daga 1961 ya riƙa kiɗa a jirgin ruwan wasa na Disneyland har ya mutu a 1966.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da makirufo ya zo, ƙarar banjo ta daina zama abin nema, manyan ƙungiyoyin rawa na shekarun 1930 suka fi son laushin jita, matasan baƙar fata kuma suna ganin banjo kayan ƙauye ne mai warin zamanin bauta. Wanda ya so ci gaba da cin abinci sai ya sauya. Danny Barker ya tafi Niyu Yok a 1930, ya ajiye banjo ya kama jita, har ya yi shekaru tare da Cab Calloway. Narvin Kimball, bahago ne, ya koma kan babban goge, sa'an nan ya kama aikin gidan waya, ya shekara fiye da 30 yana yi. Ku ma'aikata da ke nan, wannan naku ne: da rana yana raba wasiƙu, da dare yana kiɗa.

Nan ne nake ganin littattafan tarihi sun yi rowa. Sukan bi jaz daga Niyu Olins zuwa Shikago, daga Shikago zuwa Niyu Yok, kamar dai da manyan suka tashi sai garin ya yi tsit. Alhali kuwa waɗanda suka zauna sun ci gaba da yi wa unguwanninsu kiɗa a ƙananan zaurukan rawa da bukukuwan ƙungiyoyin taimakon juna, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da wasu masu sha'awa suka zo neman tsohon salon, suka gano Bunk Johnson a garin Niyu Aiberiya ba haƙora ba ƙaho, suka haɗa kuɗi aka yi masa haƙora, suka ɗauke shi a faifai a 1942, ba su sha wahalar samo masa 'yan baya ba, domin mutanen suna nan. Mai kilarinet George Lewis ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Mai banjo kuwa Lawrence Marrero ne, wanda ya zauna tare da Lewis har lafiya ta gagare shi, ya mutu a 1959. Marrero ba ya ado ko kaɗan. Taku huɗu ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar sakar ɗan tsako a turmi mai nauyi, daga farkon waƙa har ƙarshe. Akwai masu cewa wannan rashin fasaha ne. Ni ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa gwada tafa hannu daidai na minti biyar ba tare da ya ƙara sauri ba ya san abin da ke ciki. Kuma matasan Ingila da Japan da suka kafa ƙungiyoyin jaz na gargajiya a garuruwansu bayan yaƙin duniya na biyu, da yawansu faya-fayan Lewis suka sa a gaba, masu banjonsu kuwa hannun Marrero suke koyi.

Da tsohuwar zuma ake magani. A 1961 aka buɗe wani ɗan zaure a titin St. Peter, cikin tsohuwar unguwar Faransawa, aka sa masa suna Preservation Hall, watau zauren adanawa. Wasu matasa mata da miji, Allan da Sandra Jaffe, suka karɓi ragamarsa. Ba a sayar da giya, ba wurin rawa, benci ne kawai da tsohon piyano, a lokacin da dokar jihar Luwiziyana ta 1956 ta hana baƙi da farare yin wasa tare a bainar jama'a. Tsofaffin da aka manta suka dawo. Kimball ya ciro banjonsa. Billie Pierce tana piyano tana waƙa, mijinta De De, wanda ya makance, yana busa ƙaho a gefenta. Jeanette Kimball, wadda ta yi kiɗa da Papa Celestin tun cikin shekarun 1920, ta sake zama a kujerarta.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Emma Barrett, da ake kira Sweet Emma. An haife ta a 1897, ba ta karanta rubutun kiɗa, da kunne ta koya. Ta yi wa ƙungiyar Original Tuxedo piyano daga 1923 zuwa 1936. Takan sa jar hula, ta ɗaura ƙananan ƙararrawa a ƙafa, suna kaɗawa tana buga taku, watau ta mai da jikinta ma kayan kiɗa. Ita ce ta jagoranci ƙungiyar zauren a faifan da aka ɗauka a Miniyafolis a 1964, mace a gaban maza tsofaffi. A 1967 ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ku tuna abin da na faɗa da farko, a wannan kiɗa hannun hagu shi ne ginshiƙin mai piyano. Mu mukan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar nan aka riƙa kawo ta a keken guragu, tana buga taku da dunƙulen sauti da hannun dama kaɗai, 'yan'uwanta na sahun baya suna cike mata abin da ya rage, har kusan mutuwarta a 1983.

Adana tsofaffi abu ɗaya ne, samun magada wani abu ne, kuma mai banjo ne ya yi wannan. Danny Barker ya komo gida a 1965, ya kama aiki a gidan tarihin jaz na garin, ya lura cewa masu badujala duk sun tsufa, yara kuwa ba ruwansu. A 1970 ya tara yaran unguwa a ƙarƙashin cocin Fairview Baptist, ya kafa musu badujala, ya koya musu tsofaffin waƙoƙi da yadda ake sa tufafi da yadda ake tafiya a bayan gawa. Leroy Jones yana ɗan shekara 12 ko 13 ya zama jagoransu. Wynton Marsalis da ɗan'uwansa Branford sun ratsa ta cikinta, haka Michael White mai kilarinet, kuma daga tsatsonta ƙungiyar Dirty Dozen ta fito. Barker ya mutu a 1994, waɗanda ya rena suka raka shi da irin kiɗan da ya hana ya mutu. Kimball kuwa ya kai shekara 97. Guguwar Katirina ta 2005 ta raba shi da garinsa, ya mutu a jihar Karolina ta Kudu a 2006.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Saura abu guda, faifan da na zo da shi. Sunansa Gut Bucket Blues, an ɗauke shi a Shikago ran 12 ga Nuwamba, 1925, ranar farko da Hot Five suka shiga ɗakin ɗaukar sauti. A cikinsa Armstrong yana kiran makaɗansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, kamar maroƙi yana yi wa mutum kirari. Sautin da za ku fara ji, kafin kowane ƙaho, banjon St. Cyr ne, mai bi masa kuma piyanon Lil. Bai kai minti uku ba. Ina roƙo ku bar mabusan su yi ta busarsu, ku kafa kunne a kan abin da ke gudana a ƙarƙashinsu. Ɗan'uwa, sa mana faifan.